Na Bar Katin Ɗaki a Bango

Abban yara,

Yaya ya kira kana barci. Allah ya yi wa Baba rasuwa da safen nan. Na ce masa to. Sai na sauka ɗakin cin abincin otel na karya, har na ƙara shayi. Kuka bai zo ba.

Na tafi ofishin jirgi ko za mu samu kujera yau. Katin ɗakin na bar shi a bango, don in na zare wuta za ta ɗauke, zafi ya tashe ka. Kar ka fita, ba ni da abin buɗewa.

Takalmin da muka saya masa jiya, ka sa a akwati. Mai shagon ya ce in bai yi masa ba a mayar, amma ban san me zan gaya masa ba.