Ba a Ba Abokin Wasa Haƙuri

Sirabaso, 6 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Korotimi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma zafin Wagadugu bai gama soya ku ba. Mu nan lafiya lau, in dai ana ce wa wanda aka ɗaure wa baki lafiya. Kin ce kada in kira ki a waya muddin maganata tana gaban hukumarku mai kula da gidajen rediyo, shi ya sa na koma ga biro da takarda kamar ɗan makaranta. Drisa direban motar safe zai kawo miki.

Shekaranjiya mutanenku suka zo, su uku da jandarma ɗaya. Ana tsakiyar sanarwar rasuwa suka kashe mana na'ura, suka garƙame ɗakin watsa shiri da kwaɗo. Takardar da suka manna a ƙofa ta ce wai ni, Arjuma Millogo, na tunzura jama'a a kan Fulani. Shekara goma sha tara ke nan ina gabatar da shirin Gindin Mangwaro, kuma babu Alhamis ɗin da tsoho Yero Sidibe bai bugo waya mun zagi juna ba. Ya ce min mashayin burkutu mai cin tsutsa, ni da ko ɗanɗanonta ban sani ba, ni kuma in ce masa ɓarawon shanu. Haka ɗan ƙabilarmu ta Bobo da Bafulatani irinsa suka gada tun ba a haifi kakan wanda ya ƙera rediyo ba.

Ran nan ya kira yana cigiyar karsanarsa da ta ɓata. Na ce, jama'a, duk Bafulatanin da kuka gani da saniya ku ƙwace, ta sata ce, ku kora min su daga ƙasar nan mu huta. Ya ce in mun kore su, wa zai riƙa tsamo Bobo daga kwata in sun yi tatul? Garin nan kaf aka yi dariya, kuma kafin azahar wani manomi ya ja masa karsanarsa har ruga. Iyakar laifina ke nan.

Ke kike zaune a ɗakin saurare na hukumar, ke kike juya musu harsunanmu na Julanci da Bobanci zuwa Faransanci. Ki gaya musu wasa ne, su buɗe mana. Mutum bakwai ke cin abinci a gidan rediyon nan, ga damina tafe, ƙauyuka arba'in ba su da inda za su ji labarin ruwa da iri sai wurinmu.

Ga daddawa nan a ƙunshi, da busasshiyar tsutsar kaɗanya, ki ci ki tuna asalinki. A gaida yara.

Yayanki,
Arjuma

Wagadugu, 10 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Arjuma,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma yi maka jajen abin da ya faru. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci.

Yaya, gara ka ji daga bakina: ni na fassara maganarka. A teburina aka ajiye ta, na ji muryarka tun kalmar farko, kuma ban rage ko ɗaya ba don rantsuwa na yi a kan aikin nan. Amma abin da aka kawo min ba shirinka ba ne. Wani ne ya yanko daƙiƙa goma sha tara daga ciki, daidai inda ka ce a ƙwace a kora, ya jefar da amsar Yero da dariyarku, ya watsa a wayoyi. Har yau ba a san ko wane ne ba.

Maganar ta yi tafiyar da rediyonku bai taɓa yi ba. A wata kasuwa can gabas, tafiyar yini guda daga wurinku, wasu samari suka kunna ta a lasifika suna cewa ga rediyo ma ya ba da izini. Suka farfasa ƙoren mata masu tallan nono, suka karya wa wani makiyayi hannu, suka kore masa shanu goma sha ɗaya. Na ga hoton mutumin. Ban iya cin abinci ba ranar.

Na rubuta bayani shafi biyu a kan wasan da ke tsakaninmu da Fulani, na nemo cikakken shirin na haɗa. Kada ka ɗauka jahilai ne, Yaya. Shugaban zaman hukumar ya kira ni ofishinsa, ya ce shi ma yana da abokan wasa, kuma abin da yake faɗa musu ya fi naka muni. Sannan ya ce, "Na san wasa ne, 'yata. Amma wayar da ta kai zagin can ba ta kai dariyar ba."

Ga hukuncinsu. Za a buɗe muku in ka karanta takardar ban haƙuri ga Fulani da bakinka, safiya uku a jere. Na sa kwafinta a ciki. Daga nan kuma ba kiran waya kai tsaye, sai an naɗa an saurara tukuna. In ba ka karanta ba zuwa ƙarshen wata, za a janye lasisi gaba ɗaya.

Ka yi haƙuri, ka karanta. Ka gaida maiɗakinka Yaya Sita da yara.

Ƙanwarka,
Korotimi

Sirabaso, 14 ga Afrilu

Korotimi,

Ina gaisuwa. Ban yi fushi da ke ba, ko kuwa in ce na yi na kwana biyu ya wuce. Labarin mai karyayyen hannun nan ya tsaya min a rai. In da zan gan shi, zan durƙusa in roƙe shi gafara ba tare da kowa ya rubuta min takarda ba.

Amma kin karanta abin da kika aiko min kuwa? "Na amince cewa kalamaina cin mutunci ne ga al'ummar Fulani, ina neman afuwarsu." Birni ya wanke miki kai har kin manta? Ba a ba abokin wasa haƙuri. Ranar da ka ce masa yi haƙuri, ka shaida wa duniya cewa zagin na gaske ne, kai da shi bare ne, abin da kakanni suka ƙulla ka sa wuƙa ka yanke. Kina nan ranar jana'izar Baba, da Yero ya zauna a bakin kabari ya hana a sa shi, yana cewa bawansa ne, bai sallame shi ba. Yana faɗa hawaye na zuba a gemunsa, mu kuma muka yi dariyar farko a kwana uku. Wannan mutumin ne zan tsaya a gaban ƙauyuka arba'in in mayar da shi baƙo?

Kuma ba don daɗin baki kaɗai muke yi ba. Bara da shanu suka shiga gonar audugar su Lasina, har an zaro adduna. Ni da Yero muka zage su tas a rediyo, manomin da makiyayin, sai da kunya ta sa suka zauna aka sasanta. Jandarma bai taka ƙafarsa wurin ba.

Yero ya ji labarin rufewar, ya tara dattawan rugage tara, suka sa malamin makaranta ya rubuta wa hukumarku takarda, kowa ya dangwala yatsa. Ban ga abin da ke ciki ba, ya ce ba a nuna wa bawa wasiƙar iyayengijinsa. Ga ta nan, ki miƙa. In waɗanda aka ce na zaga sun ce ban zage su ba, ai magana ta ƙare.

Ki gaida maigidanki.

Yayanki,
Arjuma

Wagadugu, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Arjuma,

Gaisuwa da fatan alheri. Na miƙa takardar, kuma ni aka sa na karanta ta a gaban zaman, don rabinta da Julanci malamin ya rubuta.

Ka san yadda ta fara? "Ku sakar mana mashayinmu. Mu muke kiwonsa, in kun rufe masa baki wa zai riƙa yi mana haushi da safe?" Haka ta tafi har ƙarshe. Mutum tara ne a teburin, babu wanda bai yi dariya ba, har wata tsohuwar alƙaliya da ban taɓa ganin haƙorinta ba. Na ce a raina an gama, an buɗe.

Da dariya ta lafa, ita alƙaliyar ce ta tambaya ko sunan mai karyayyen hannun yana cikin masu dangwala yatsa. Babu. Ta ce shi daga arewa rikici ya koro shi, bai taɓa zama da Bobo ba, bai san wani wasa ba, abin da ya sani an kunna murya an ce a kore shi, aka kuma kore shi. Ta ce Yero ba zai yafe ciwon da ba a jikinsa yake ba. Wani ya ƙara da cewa gidajen rediyo biyu suna gabansu da suka zagi Fulani da gaske, kuma dukansu cewa suka yi wasa ne. In aka ɗaga maka, da wane baki za a kama su?

Na nemi a sauya kalmomin, a ce kana ba wanda aka cuta haƙuri shi kaɗai. Suka ce takardar iri ɗaya ce ga kowa, doka ce ta tsara ta, ba su da ikon taɓa ta. Na fita bayan ofis na yi kukana na dawo bakin aiki.

Saura kwana goma sha ɗaya. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Ƙanwarka,
Korotimi

Sirabaso, 23 ga Afrilu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, kuma ki bar kuka, kin yi iya yinki.

Abokan aikina suna zaman kashe wando ne. Kullum suna zuwa su zauna a gindin bishiya suna kallon kwaɗo. Jiya wata mata ta zo daga ƙauye a ƙafa da sanarwar rasuwar mijinta, muka ce mata babu hali. Ta tambaya to yaya danginsa za su ji.

Na hau babur na je ruga. Yero ya tarbe ni da cewa wa ya bar kare ya shigo, ya sa aka dama min fura. Na gaya masa zan karanta, amma ina roƙonsa ya toshe kunnensa, baki ne kawai zai faɗa, tsakanina da shi babu abin da ya sauya. Ya daɗe yana kaɗa ludayi a ƙwarya. Ya ce shi zai iya toshe nasa, amma jikokinsa da nawa za su ji, kuma abin da aka faɗa a gaban jama'a ba a warware shi a bayan ɗaki. Bai ce in karanta ba, bai ce kada in karanta ba. Ya dai rako ni har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba.

Ga dabarar da na yi. Zan karanta musu takardarsu tsaf, in na kai ƙarshe sai in ƙara da cewa, ɓarayi, kun ji. Kalma uku kacal. Duk mai kunne a ƙasar nan zai gane inda na dosa. Me kika gani?

Yayanki,
Arjuma

Wagadugu, 26 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Don girman Allah kada ka yi. Ni aka ba aikin sauraren safiya ukun, in sa hannu cewa ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. In ka faɗa, ko in rubuta a rufe ku har abada, ko in ɓoye a kore ni, don ana naɗar komai. Kuma wanda ya yanko maganarka ta farko yana nan da wayarsa, kalma ukun nan kaɗai zai ɗauka.

Ka yafe min.

Korotimi

Sirabaso, 5 ga Mayu

Zuwa ga Korotimi,

Bayan gaisuwa. Kin ji da kunnenki yadda na karanta musu takardarsu, ba sai na ba ki labari ba. An cire kwaɗo, kowa ya koma bakin aikinsa, mutane suna ta yi min barka.

Alhamis ta zo ta wuce, Yero bai kira ba. Yau na gan shi a kasuwa wajen masu gishiri. Ya miƙo min hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya yi min murnar buɗe rediyo. Na matsa kusa da shi na rage murya na ce, "Ɓarawon shanu."

Ya dubi hagu, ya dubi dama, inda samari ke zaune da wayoyinsu a hannu. Sannan ya ɗan rusuna ya ce, "A gaida mutan gida, Malam Arjuma."

Ki gaida yara. Na gaji, nan zan tsaya.

Yayanki,
Arjuma