Kada Ka Bar Pingo Ya Mutu

Ɗana Valdeci,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da matarka Neide da yara. Yaya shanu? Ni ƙalau nake a nan São Paulo, gidan yayarka Cleuza. Likita ya ce sai na ƙara zama a sake duba cikina. Ba wani abu ba ne, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Na ji wai an kawo maka garin kamfani na haɗa cuku. Kada ka karɓa. Pingo ne ke yin cukunmu, ruwan nan da ke ɗiga daga cukun jiya, a zuba shi a madarar yau. Daga hannun kakarka na karɓe shi, bai taɓa yankewa ba. In ka bari ya mutu, na maƙwabta ba zai ba ka ɗanɗanon gidanmu ba.

Jiya Cleuza ta sayo mini na kanti. Na ce, "Wannan cuku ne ko sabulu?" Ta ce, "Mama, ke dai ci, cuku duk cuku ne." Na ci don kada ranta ya ɓaci.

Ka aiko mini guda ɗaya wanda bayansa ya yi rawaya. Sannan ka nuna wa Neide yadda ake tarar pingo da gane tsaminsa a harshe. Na sha cewa ni zan koya mata da kaina, amma kada ku jira ni.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka,
Zulmira