Hulunana Cikin Kwalin Taliya

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Madalla da Usaini, maƙwabcina a rumfa! Ilimi ya zo kasuwar garin Isa. Ya samo kwalin taliya, ya yanke mishi taga uku, ya liƙe su da farin ƙyalle, ya kafa fitila mai caji dama da hagu. Wai ɗakin ɗaukar hoto. Hula ke shiga ciki ta zauna sai ka ce amarya. Ni da nake saida hula tun yana goye, ban taɓa gina ma hula ɗaki ba.

Laraba, 5 ga Maris

Alhaji Abdullateef ya kira daga Sakkwato. Yana son fararen huluna na Sallah a shagonshi, kuma hannun mutum guda za shi ɗauka, ko ni ko Usaini. Na ce za ni kawo samfur. Ya ce, "Da wanga hali na hanya? Zauna gida, aiko hoto kafin Lahadi."

Shekara takwas ina kai mishi kaya. Yanzu hoto za shi yi min alƙalanci. Matan ƙauyen Kamarawa goma sha ɗaya ke min ɗinki, in ya juya baya mi za ni ce musu?

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗauki hoto bisa tabarma. Hular ta fito da inuwa kamar an zauna mata.

Juma'a, 7 ga Maris

Na yi nawa kwalin, a gida, ƙofa rufe. Ba koyi na yi da kowa ba, kwali ai ba na gidansu ba ne. Reza ta yanke min yatsa, da azumi a bakina. Na shimfiɗa farar takarda daga sama ta gangaro ƙasa ba tare da lanƙwasa ba, yadda na hanga a na Usaini. Hanga kawai na yi. Saura ƙyalle. Matata Sadiƙa ta ce in ba ta tsohon zanen gadon nan ta wanke tukuna. "Malam, ba ka sa kayan sana'a cikin dauɗa ba." Mace ta gari.

Asabar, 8 ga Maris

Na aika hoto goma sha biyu. Amsar Alhaji: "Kalilu, fari na ce. Waɗanga shuɗi-shuɗi wa za shi saye?"

Shuɗi! Hulunan da sunka fi nono fari! Na zagi wayar, na zagi wanda ya saida min ita. Na sauya fitila, na goge ido na sake dubawa, suna nan kamar an tsoma su a rinin baba. Na tabbata da hannun Usaini a ciki. Ta yaya, ban sani ba tukuna.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kai kwalin kasuwa cikin buhu don mai gyaran waya ya gani. Usaini ya leƙo, ba wanda ya kira shi. Ya ɗaga ƙyallen ga rana, ya shinshina.

"Baba Kalilu, Inna ta sa bula?"

Bula, shuɗin wanki. Sadiƙa ba ta taɓa wanke farin abu ba ta sa bula ba, har rawanin liman in ta samu. Ido na ganin fari tas, haske kuwa in ya ratsa sai ya kwaso shuɗin ya zuba ma hula.

Na jira ya yi dariya. Bai yi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ɓalle ƙyallen kwalinshi ya miƙo. Na ce ba ni so. Ya ce, "Riƙe min dai, hannuna ya cika." Hannunshi ba komai.

Na riƙe. Na ɗauka. Na aika.

Talata, 11 ga Maris

Alhaji ya ce in ɗaure kaya. Ɗinkin Kamarawa ya fi, wannan ko makaho ya sani.

Ban ce ma Sadiƙa komai ba, zanen ya koma gado. Da safe na ga kwalin Usaini gefe guda ya fi haske, na matsa mishi fitilar kaɗan, don kar ya ɓata ma layinmu suna. Na kuma gaya ma Alhaji hulunan yaron masu launi ba laifi, in yana so.

Ƙyallen yana wajena har yau. Bai tambaya ba. To, wanda bai tambayi abinshi ba, godiya yake jira ko mi?