Yayen Ammar

Dungas, ranar Jumma'a

Zuwa ga Yaya Hinda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da yara da Inna. Ya aikin girbi? Allah ya sa albarka.

Na iso Dungas lafiya, sai gajiya. An buɗe lekol, an ba ni ajin ƙanana, masu kuka suna neman iyayensu, kamar an san abin da na baro a Kwaya. Na so in kira, to Inna ta ce kada yaron ya ji muryata ko a waya, wai yaye zai lalace. Ba na musu da ita, ita ta yaye mu duka. Shi ya sa na koma takarda, Lado direba zai riƙa kawo muku. Ko ba komai, takarda kya karanta mata sau goma, ba za ta ce ba ta ji ba.

Yaya, kin ga yadda jikinsa ya yi da damina, ƙuraje har fatar ido, ga zawo. Likitan Magarya ya ce jininsa bai haɗu da madarar dabba ba, haka ma ƙwai. Ya ce a janye masa duk abin da ya fito daga dabba sai jikin ya kwanta, sannan a gwada ɗaya bayan ɗaya. Nama dama ba sai na hana ba, daga Sallah sai Sallah. Nonon shanu nake tsoro, don na san gidanmu. Inna ba ta san wata hanyar nuna ƙauna ba sai ta dama wa mutum fura.

Da safe a ba shi kunun gyaɗa, a tace sosai, da ɗan ruwan tsamiya. Da rana alala ko faten wake da kabewa, a barbaɗa garin zogale, a yi da man gyaɗa, ban da yaji. In ya fara ƙananan koke-koke kafin abinci ya nuna, a murje masa dafaffen dankali, ko a ba shi awara mai laushi, ko gwanda in an samu. Kada a ba shi gyaɗa guda-guda ko ƙuli mai tauri, zai shaƙe, sai an daka. Gato da biskit na kanti kuma akwai madara a ciki ko ba a gan ta ba.

Na san kaya na ɗora muku a tsakiyar aiki. Ni ma ba daɗi nake ji ba, ƙirjina ya cika yana zafi, ina koyarwa ina kare rigata da mayafi.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Karima


Kwaya, ranar Talata

Madam,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, in ban da bayana da yake neman ɓallewa, kuma ke ce sanadi.

Na karanta wa Inna takardarki. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Wato an kawo mini miji an ce kada in dama masa fura. To da me zan riƙe shi, da haƙuri?” Amma ta bi, ban san ta da bin maganar kowa haka ba.

Ke da kunyar ɗan fari ta hana ki rubuta sunan ɗanki, ni bari in rubuta miki: Ammar ya yi kukan duniya da farko, har muryarsa ta dushe. Yanzu ya sauko. Kunun gyaɗa yana sha, dankali yana ci ya shafa saura a ka. Faten kabewa kuwa ya tofa mini a fuska, na canza masa na haɗa da wake da yawa, sai ya karɓa.

Ke a takarda alala kalma ɗaya ce. A nan sai na dawo daga roron wake na jiƙa, na surfa, na wanke, ga injin niƙa ya lalace, sai dutse. Duk wannan don ɗan cokali huɗu. Awara nake saye wurin Nafisa maƙwabciyarmu, ina tsaye a kanta kamar jandarma kada ta tsoma a ruwan ƙwai. Har ta fara jin haushina.

Mata suna ta zuwa ganin ɗan yaye, kowacce da dafaffen ƙwai ko ƙwaryar nono, kin san ba a zuwa hannu biyu. Inna sai ta karɓa ta yi godiya, su juya baya yarana su cinye. Sun ce Allah ya ƙaro mana yaye a gidan nan.

Abu ɗaya ne ba zan ɓoye miki ba. Ƙurajen sun ɗan dawo a wuya da bayan gwiwa, yana susa. Wataƙila sanyin da ya fara shigowa ne.

Inna tana gaishe ki. Sai na ji daga gare ki.

Yayarki,
Hinda


Dungas, ranar Asabar

Yaya Hinda,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri ba zan tsawaita ba, raina a ɓace yake.

Lado ya ce ya ga yaron a bayan Inna, fuska a kumbure, leɓe duk ya fashe. Wannan ba sanyi ba ne, na san abin da idona. Wani yana ba shi nono a gidan nan. Ko yaranki suna sam masa a ɓoye, ko Inna tana cewa ɗan kurɓi ɗaya ba zai yi komai ba. Na san halinta, ba ta iya ganin yaro yana kallon bakinta ta hana shi.

Saminu, baban yaron, ya kira daga Kano, na gaya masa. Ya ce in abin ya gagara a ɗauko masa ɗansa a kai wa yayarsa a Magarya, kusa da likita. Kin san in dangin uba suka karɓe yaro daga hannun kaka a tsakiyar yaye, Inna ba za ta ƙara ɗaga kai a Kwaya ba. Ba na son haka. Amma in zaɓi ya zama tsakanin kunyar Inna da ran yaron, ba sai na faɗa miki ba.

Daraktan lekol ya hana ni tafiya sai hutun bakansi. Ina tsaye gaban allo, hankalina yana can. Na gaji, Yaya, wallahi na gaji.

Ki karanta mata yadda na rubuta, kada ki rage komai.

Karima


Kwaya, ranar Laraba

Wannan daga bakin Inna ne, ni Hinda rubutu kawai nake yi.

Karima, ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Allah ya yi miki jagora a aikinki.

An karanta mini maganarki, na ji. Ban taɓa zaton zan tsufa ’yata ta tuhume ni da cutar da jikana ba. Na rantse da wanda raina yake hannunsa, tun ranar da kika ajiye yaron nan ɗigon nono bai shiga bakinsa ba. Ni kaina na daina shan fura da nono, da ruwa nake damawa kamar mai takaba da talauci, don kada ya gani ya miƙo hannu. ’Ya’yan Hinda in za su sha, waje nake kora su, su wanke baki kafin su shigo. Saliha Bafillatana, da muka shekara talatin tana kawo mini ƙwarya, na ce ta daina tsayawa ƙofata. Ta tafi tana share hawaye, ta ɗauka wani laifi ta yi.

Abin da kika ce a dafa shi ake dafawa. Gwiwoyina ba su da lafiya, amma ni nake tace masa kunu, don Hinda tana da gaggawa. Ƙurajen ma ban zuba musu ido ba. Safe da yamma in na yi masa wanka sai na shafe shi tas da man shanu mai kyau, wanda na ɓoye tun damina, ko a miyata ban sa ba. Har leɓen da ya fashe ina sa masa, yana lashewa yana dariya. Da shi na raine ku duka, babu wanda fatarsa ta tsage.

In mijinki ya ga gidan yayarsa ya fi, ɗansa ne. Ku aiko a ɗauka. Sai dai a zo da sassafe kafin mutane su fito.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki

Ni kuma Hinda ina ƙarawa: kin sa tsohuwa kuka, sai ki ji daɗi.


Dungas, ranar Alhamis

Yaya Hinda,

Gaisuwa da ban haƙuri. Wannan taki ce ke kaɗai, kada ki karanta ta gaban Inna sai kin yi tunani.

Ina karanta takardar Inna na kai wurin wanka, sai na zauna a ƙasa. Man shanu, Yaya. Daga ina ake samun man shanu? Na tafi likita na tambayi mai duba yara, ta ce ga yaro irinsa har wannan yana iya tayar da ciwon, balle a kan fata mai rauni, balle yana lashewa. Ni na yi ta lissafin abin da zai ci, ban taɓa kawo abin shafawa a raina ba. Ke ma da hannunki kika rubuta ba ki ji komai ba, don duk da shi aka shafe mu. Wa zai kalli man shanu ya ce nono ne?

Ga man kaɗe nan na ba Lado. A daina wancan yau ɗin nan, a wanke zanen goyonsa da tabarmar da yake kwana. Abinci a ci gaba yadda ake yi, ba a nan matsalar take ba.

Yadda za ki gaya mata shi ne ban sani ba. Ta hana kanta, ta kori ƙawarta, ta ɗauko abin da ta fi ji da shi a ɗakinta ta ba shi, kuma shi ne yake cinsa. Ki ce likita ne ya aiko da sabon mai. Ko ki faɗi gaskiya, ke kika san fuskarta a yanzu. Na gaya wa Saminu ya dakata.

Ki roƙa mini gafararta. Na kasa samun kalmomin da zan rubuta mata.

Karima


Kwaya, ranar Litinin

Karima,

Muna gaisuwa, muna lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, sussuka ta sha kaina, kuma na so in ga ƙarshen abin kafin in buɗe baki.

Gaskiya na gaya mata. Kin san Inna ba a yi mata wayo, tana ganin man kaɗe ta ce, “Me nawa ya yi?” Na faɗa mata. Ta ɗauki kwalbar man shanun ta kai wa Nafisa kyauta, ta dawo ta ɗora ruwa, ta wanke yaron har sau uku. Ranar ba ta ci tuwo ba. Na ji ta tana ce masa, “Maigida, ashe ni ce,” shi kuwa yana wasa da kunnenta.

Yanzu zo ki ga ikon Allah. Fata ta kwanta sumul, zawo ya tsaya, kumatu sun fito. Yana cinye alala guda ya nemi ƙari. Inna ta ƙirƙiro nata, tana dama garin kuka da ruwan aya mai kauri ta sa masa ɗan dankali a ciki, ni ko kyauta ba na so, shi kuwa har rawa yake yi. Tun ranar nan ba ta yarda kowa ya ba shi abinci, ni ma daka da niƙa ne nawa. Duk inda ta sa ƙafa yana riƙe da zanenta, ko alwala ba ta yi ita kaɗai.

Ta ce yaye ya kammala, in an yi bakansi ki zo ki ɗauki ɗanki. Maganar gafara kuwa ta ce ba ta san abin da kike nufi ba.

Ni dai ki zo in huta da dutsen niƙa. A gaida mutanen Dungas.

Hinda


Dungas, ranar Lahadi

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan kin tashi lafiya. Na iso lafiya. Ki yafe mini da na taho kina wurin gaisuwar rasuwa ban jira ki ba. Da na jira, da kin tilasta mini na goyo yaron.

Kin gani da idonki. Duk kwanakin da na yi, in na miƙa hannu sai ya ɓuya a bayanki. Alalar da na yi masa da kaina ya karɓa, ya kai miki, sai da kika ɓara kika sa masa a baki sannan ya ci. Ban taɓa ganinsa da lafiya haka ba. In na kawo shi nan ya ƙi cin abinci a hannuna, duk wahalarku ta tashi a banza. Mun yi magana da Saminu, yaron ya zauna wurinki har a rufe lekol.

Ga dabino nan wurin Lado. A cire ƙwallon, a jiƙa shi ya yi laushi. In za ki ba shi, Inna, ki ce masa ni na aiko.

’Yarki,
Karima