Sarki da Takwas a Teburin Lahadi

Anti Beryl,

Kafin in kai ga kukana, ina jan kunnen duk uwar da ke karanta wannan shafi: kada ki yarda a kafa teburin karta a barandarki da sunan nishaɗi, don ranar da za ki so ɗauke shi, za ki tarar zumuncin gidanki duk a kansa yake. Ni na yarda, ga ni yau ina rubuto wa jarida. Ki taimake ni, na gaji.

Maigidana Merv, Allah ya jiƙansa, shi ya fara abin shekara talatin da shida da suka wuce. Kowace Lahadi bayan coci, a ci gasasshen rago, a kwashe kwanuka, mu takwas mu zauna kartar da ake kira foka har rana ta yi sanyi. Ba wata caca ba ce, 'yan sulalla ne da ake tarawa a gwangwani. A ba kowa kati biyu, ya duba, ko ya shiga ko ya ajiye, sannan a buɗe biyar a tsakiya. A teburinmu ba mai ajiyewa sai ni. Kowa so yake ya ga abin da zai fito. Maƙwabcinmu Carmelo mai gonar lemo har suna ya sa mini, wai Alƙaliya, don sai in yi awa guda hannu a harɗe ban shiga ba. Ban damu ba. Wanda ya kasa haƙura da kati biyu marasa kyau, me zai iya haƙura da shi a duniya?

Damuwata ɗana Heath ne, shekararsa talatin da huɗu. Tun rasuwar ubansa bara ya koma kujerarsa, ya kuma ɗauki mugun halinsa. Akwai katin sarki da na takwas, hannun karta da ba shi da daɗi ba shi da ɗaci, wanda mai hankali zai yar. Merv bai taɓa yar da shi ba, wai don da shi ya taɓa cinye wa Carmelo akwatin lemo a makon da aka haifi Heath. Shekara da shekaru ina faɗa har na haƙura. Yanzu ɗan ya gaje shi.

Mako uku da suka wuce Heath ya zo da Tegan, wata nas da yake nema, zuwanta na farko ke nan. Shi ne farkon magana, duk muna bayansa bai san abin da za mu yi ba, amma ya shiga. Aka buɗe, sarki ya fito. Sai ya tura duk abin da ke gabansa yana yi wa yarinyar murmushi. Ni kuwa sarki ne a hannuna da as, babban katin da ya fi kowanne. Na bi shi. Da ya buɗe na ga takwas ɗin nan, ko da yake ni na cinye, wallahi raina ya ɓaci. Na ce, “Haka kake, Heath. Haka ka shiga aurenka na fari, haka ka sayi kwale-kwalen can da ke ruɓewa a bayan gida. Komai ka gani sai ka ce bari ka leƙa.” Carmelo ya ce, “Haba Alƙaliya, a sassauta hukunci mana, yau da baƙuwa.” Ba wanda ya yi dariya. Heath ya miƙe ya ce, “Na gode da abinci, Mama.” Ko kek ɗin da na gasa don yarinyar ba su taɓa ba.

Lahadi uku ke nan kujerar ba kowa. Na gasa rago, rabinsa yana firij. In na buga waya sai ya turo saƙo wai aiki ya yi yawa. Shi kaɗai gare ni, kuma ban yi ƙarya ba a abin da na faɗa. Ta yaya zan dawo da shi ba tare da na janye gaskiyata ba? Na riga na tura wa kowa saƙo, har shi, kuma bai amsa ba: daga yau a gidana, duk wanda ya shiga da tarkacen kati daga kujerun farko, wato na masu fara magana, ya tashi ya wanke kwanuka, ba ya komawa tebur ranar.

Uwar da ta gaji, daga Merbein

Amsa:

’Yar’uwata, sannu. Gajiyarki ta fito a kowane layi.

Mu fara da katin, don a nan kina da gaskiya. Sarki da takwas daga kujerar farko, a teburin da kowa ke shiga, hannu ne mai cin mai shi. In sarkin bai fito ba ka yi asara kaɗan, in ya fito ka yi asara babba, don a cikin mutum bakwai da wuya a rasa mai sarki da abokin da ya fi takwas. Abin da ya faru ke nan. Amma ke ma kin matsa da yawa. A teburin da shiga ke da arha kuma ba mai ɗaga kuɗi, ƙananan tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, ko kati biyu masu bin juna iri ɗaya, sun cancanci a leƙa da su daga kujerun ƙarshe. Awa guda hannu a harɗe ba duka ne hankali ba. Wani lokaci zama ne kawai na jiran wani ya yi kuskure.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki. Da hannunki kika rubuta cewa wannan hannun ubansa ne, a kujerar ubansa, da labarin makon haihuwarsa. Kina jin Heath bai san takwas ba ta da ƙarfi? Ya sani sarai. Ya kawo yarinya gida, uban da zai gabatar mata ba ya nan, sai ya nuna mata shi ta hanyar da ta rage masa. Ke kuma kika ɗauko mutuwar aurensa kika ajiye a gabanta.

Ba gaskiyarki za ki janye ba, wurin da kika faɗe ta ne kuskuren. Kada ki sake tura saƙo. Ki yanki ragon nan na firij, ki tuƙa zuwa gidansa, ki ce, “Na kunyata ka a gaban Tegan, ka yafe mini.” Ki tsaya nan. In kika ƙara “amma”, kin ɓata tafiyar. Tegan ma ki ba ta haƙuri da bakinki.

Dokar wanke kwanuka kuwa, ki soke ta, don in aka bi ta ke kaɗai za ki rage a tebur, Carmelo yana goge tukunya. In dole sai gidanki ya yi doka, ki kafa wadda za ta fara kama ki: in aka buɗe kati aka kwashe sulalla, maganar hannun ta ƙare, ba sharhi, ba tarihin kowa. Sarki da takwas kuma ki bar wa Heath abinsa. Sau nawa ma yake zuwa a shekara? Duk ranar da ya buɗe shi, ki ce, “Ga Merv ya zo,” ki miƙa masa kek.

Allah ya cika miki kujerar nan kafin wata Lahadin.

Anti Beryl