Ƙusa a Tiyon Birki

Zuwa ga Shugaban kanikawa na garejin bayan kasuwa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Sunana Sale, direba a wani gida a Maitama. Sau uku ina zuwa ofishinka ana cewa ka fita, shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani.

Na ɗaya. Gidan Ogana cike yake da sababbin motoci, amma mahaifiyarsa, Hajiya Babba, ba ta shiga kowacce sai tsohuwar motar marigayi mijinta. Shekara tara ni ke kai ta asibiti a ciki. Ranar Talata na ji birki ya yi laushi. Na shimfiɗa kwali na leƙa ƙasa, na ga tiyon roba na tayar gaba ya tsattsage, man birki na tsattsafowa. Na kawo motar wurin bakanikenku Ɗanjuma, na ce a canza tiyon.

Na biyu. Na tafi sallar azahar, na dawo ya ce an gama. Har ya miƙo mini wani tsohon tiyo, wai wanda ya cire ke nan, yadda aka saba a nuna wa mai mota. Ni kuma sakarai na karɓa, ban sake leƙawa ba.

Na uku. Ranar Juma'a ina ɗauke da Hajiya, a gangaren Maitama na taka birki, mota ta fizge gefe guda, muka daki kwalbati. Hajiya ta karye a hannu. Da wani bakanike ya duba, ashe tiyon nan yana nan inda yake! Ƙusa aka cusa a bakinsa don mai ya daina zuba, aka goge shi da baƙin mai don ya yi kama da sabo. Tayar nan ba birki sam. Tiyon da aka ba ni kuwa na wata mota ne daban. Haba, Shugaba! Wannan gyara ne ko kisan kai?

Oga ya karɓe makulli. A ganinsa ko garejin ban je ba. Ɗanjuma kuwa da ya hango ni sai ya shige ƙarƙashin mota. Wallahi raina ya ɓaci, har abinci ba na iya ci.

Roƙona biyu ne. Ka hana wannan toshe-toshen ƙusa a garejinka kafin ya ci rai. Sannan ka sa Ɗanjuma ya bi ni Maitama ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ban ce a kore shi ba, yana da iyali kamar ni. Aikina ma in ya tafi, Allah zai ba ni wani. So nake kawai tsohuwar nan ta san ba ni na karya mata hannu ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon tsayawa kan gaskiya.

Wassalam,
Sale Direba