Ina Aljihun Katifar Inna?

Zuwa ga Alhaji mai shagon katifa na hanyar Ngueli,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar iyali da kasuwa. Ni ce telar nan ta unguwar Habbena da ta sayi katifa a wurinka bayan ƙaramar Sallah saboda mahaifiyarta mai ciwon baya. Sau uku ina zuwa shagonka ana ce mini ka haye kogi zuwa garin Kousseri, ga takalmanka kuwa a bakin ƙofa. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya karanta.

Na farko. Ranar da na zo, da Hausa ka tarbe ni, ba da Larabcin kasuwa ba, kana ta kirana ƙanwarka. Ka ce katifar mai aljihu ce, wato kowane sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan ta cikin katifa, an ɗinke shi cikin ɗan aljihun yadi nasa, in an danna ɗaya, na kusa da shi ba ya motsi. Har ka ɗora kofin shayi a gefe guda, ka zauna a ɗaya gefen da duk girman jikinka, shayi bai zube ba. Wallahi ka iya wasa, Alhaji. Ni kuwa na saki baki ina kallo.

Na biyu. Duk abin da ka gindaya na kiyaye. Ka ce kada a naɗe ta, a miƙe aka kawo ta cikin mota. Ka ce kada ta zauna a ƙasa, na sa kafinta ya yi mata gado. Ni da maigidana muke juya ta, kai ya koma ƙafa, duk farkon wata. Inna har fushi ta yi da ni don na hana ta bugun ta da sanda a rana kamar katifar auduga. Duk da haka, kafin damina ta wuce tsakiyarta ta lotsa kamar akushi. Kyanwa ma in ta hau ta ƙafa, sai kan Inna ya girgiza. Matar da ta shigo gidana tana sallarta a tsaye, yau a zaune take yi, ruku'u ya gagare ta. Wannan shi ke ci mini rai.

Na uku. Inna ba ruwanta da sifirin. Ita dai ta ji an ce aljihu, don haka kullum tana laluben gefen katifa tana neman inda za ta sa carbinta da goronta. Na yi bayani har na gaji, ta ce ita dai an cuce ni, katifar nan ba aljihu. Muka yi ta dariya. Ran nan na ce bari in ɗinka mata ɗaya ta huta, na ɗauki reza na farke gefe kamar taƙi guda. Me zan gani? Wayoyi tsirara a sarƙe da juna, da ɗan siririn soso, da kwali. Ko ƙyallen aljihu babu. Ashe ta shayin daban, wadda aka kawo mini daban. Ashe tsohuwar da muke wa dariya ita kaɗai ce mai ido a gidan.

Na huɗu. Ka aiko mini ta waya cewa garantin da ka ba ni ya mutu tunda na farke ɗinki. Haba, Alhaji! Ɗinkin ne ya haɗiye aljihunan? Da allura na tashi, na san ɗinkin da aka yi don ado, na san wanda aka yi don rufa asiri.

Buƙatuna ba su da yawa. Ka zo ka ɗauki kayanka. Ka kawo wadda ka ɗora wa shayi, ita kanta, in farke ta a gabanka in mayar da ɗinkin kyauta. Kuma ka daina kiran mutane ƙannenka in kwali za ka sayar musu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka bayanka, ya ba ka tsufan da za ka yi ruku'u ba tare da ka dafa bango ba. Inna ta koma tabarmarta. Ta ce in gaishe ka, ta yafe maka, amma in ka zo ka nuna mata aljihun.

Wassalam,
Wadda ka kira ƙanwarka, daga Habbena.